Kwikwiyon da Pauline Ta Hana A Yi wa Sallama

Duk wanda ya zauna a dogon benen nan mai jan bulo da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring ya san Pauline Yashim. Ko bai san sunanta ba ya san takunta. Gajeriya ce kakkaura, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Shekarunta hamsin da tara, ashirin da ɗaya daga ciki a Maryland ta yi su tana aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi. 'Yar Kagoro ce, kuma ba sai ka tambaya ba, da kanta za ta faɗa maka. A Kafanchan ta koyi aiki, a hannun wata tsohuwar sista wadda ba ta yarda ma'aikaciyar jinya ta zauna ba muddin akwai mara lafiya da idonsa biyu. Wannan horo ya bi Pauline har ƙetaren teku. In ta ce za ta yi abu, to ka matsa gefe kawai, don gardama da ita ɓata yawu ne.

Mijinta Martins malamin lissafi ne can gida. A nan kuwa shekara goma sha takwas ya yi yana tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta. Mutum ne mai baki, irin wanda in aka ba shi sanarwar minti biyu a coci sai ya kai kwata yana zuba, jama'a na dariya, fasto na duban agogo. Hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarsa a ɓoye, sannan wata safiyar Talata ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Ya farfaɗo da shanyayyen ɓarin dama da harshe mai nauyi. Kalmomin suna nan cikin kansa, Pauline na ganinsu a idonsa, amma kafin su iso baki sun watse. An haɗa shi da wata mai koya wa marasa lafiya magana, ta yi iya yinta. Martins ya ji kansa yana in'ina a gaban yarinyar da a haife ya haife ta, kunya ta kama shi, ya ja bakinsa ya tsuke. Wata bakwai gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin firji.

'Yarsu ɗaya ce, Debbie, tana aiki a Baltimore. Ita ce ta shigo wata Juma'a da kwando a hannu, cikin kwandon ga wani ɗan kwikwiyo mai dogayen kunnuwa, wata uku da haihuwa. Pauline ta leƙa, ta ja da baya.

"Wannan kuma fa?"

Debbie ta amsa da Turanci, kamar yadda ta saba, cewa ta karanta kare yana taimakon masu irin ciwon babanta.

"Kin karanta," in ji Pauline. "A garinmu kare farauta yake yi, ya ci ƙanzo, ya kwana a waje. Ba a taɓa kwantar da shi a kan kafet ba. Ran Lahadi in za ki koma ki tafi da abinki."

Ran Asabar da yamma Pauline na kicin tana tuƙa tuwon semo, kwikwiyon ya rarrafa ya hau ƙafar Martins ta dama, wadda ba ta motsi, ya naɗe ya yi barci. Martins ya daɗe yana kallonsa. Jikin ɗan abin ruwan ƙasa ne mai haske, kamar ɓawon gyaɗa. Sai kawai aka ji murya daga falo, a dishe amma a fili:

"Gyaɗa."

Muciya ta suɓuce daga hannun Pauline. Ta tsaya riƙe da bakin tukunya har tururi ya ƙona mata yatsu ba ta ji ba. Lahadi ta zo, Debbie ta koma Baltimore da kwandonta babu kowa a ciki, kuma babu wanda ya ƙara tayar da zancen.

Ashe abin da Martins ke nema ke nan, wanda zai yi wa magana ba tare da jin kunya ba. Kare ba ya gyara maka kalma, ba ya ƙarasa maka jimla don tausayi. Daga "zo" da "zauna" aka kai "bari mana, kai yaron nan." Amma maganar da ta fi tsawo a bakin ƙofa ake yinta. Litinin, Laraba da Juma'a motar asibiti ke zuwa da takwas da rabi ta kai su wurin wankin ƙoda, sai wajen ƙarfe biyu su dawo. Pauline ta mayar da aikinta Asabar da Lahadi, lokacin da Debbie ke zuwa, don ta riƙa raka shi. Awa huɗu take yi a kan kujerar roba kusa da gadonsa, idonta a kan injin. Ma'aikatan wurin sun gaji da ce mata ta je ta huta, su ma sun san aikinsu. Ta ce ta ji, ta gyara zama.

To a irin waɗannan safiyoyi, da ta turo Martins a keken guragunsa zuwa bakin ƙofa sai ya ɗaga hannun hagu ta tsaya. Mutumin kirki ba ya fita gida bai yi sallama ba. "Gyaɗa... za mu fita. Ka... kula da gida. Ban da... ɓarna. Sai mun dawo." Kwikwiyon na tsalle, yana kuka ƙasa-ƙasa, yana lasar hannunsa. Pauline kuwa har zuga shi take yi. "Ƙara masa, Baban Debbie. Faɗa masa inda za mu." Wata rana ta ƙirga kalma ashirin da uku a jere, ta kira Debbie a waya ta faɗa mata tana share hawaye. In sun dawo kuma sabon biki ne. An same ka lafiya, ya gida, ya zaman kaɗaici, Gyaɗa na birgima har fitsari na kufce masa.

Abin da ke faruwa tsakanin fitar da dawowar ne ba su sani ba. Alamu dai akwai su. Gindin ƙofa ya sha haƙori har katako ya fito fari, abincin da aka zuba masa yana nan bai taɓa ba, ga jiƙa a kan tabarmar shiga. Pauline ta ɗauka rashin tarbiyya ne. Takan cire silifa ta nuna masa, ta yi masa faɗa da Hausa da Turanci har da yaren garinsu.

Maƙwabcinsu na jikin bango Alhaji Dabo ne, Bakano, dattijo mai farin gemu, wanda ke tuƙin dare yana kai mutane filin jirgi, ya dawo da asuba ya kwanta. Wata biyu bawan Allah nan bai yi barcin kirki ba ranakun wankin ƙoda, amma kara ta hana shi magana. Iyakar abin da ya iya faɗa, wata rana a cikin lifta, shi ne, "Maman Debbie, baƙon nan naku, masha Allah, Allah ya yi masa murya." Pauline ta ce amin, sun gode. Hannunka mai sanda aka yi mata, ita kuwa ta karɓa a matsayin yabo.

Sauran maƙwabta ba Kanawa ba ne, ba su da wannan kara. Takarda ta zo daga ofishin masu gidan, da sa hannun manaja, wata mata mai suna Constance. Mutum uku sun kai ƙara. An ba su kwana talatin. Bayan haka in aka sake jin kukan kare, ko dai karen ya bar benen ko su bar shi tare. Tashi kuwa ba zance ba ne, domin wannan gidan ne aka faɗaɗa wa ƙofar banɗaki, aka sa ƙarafan dafawa, ga shi daf da lifta, wata da watanni suka yi suna jiran a yi musu wannan gyara. Ke nan Gyaɗa ne zai tafi. Pauline ta dubi Martins, yana zaune kwikwiyon na barci a cinyarsa yana yi masa magana a hankali, ta san in aka fitar da karen nan daga gidan, da muryar mijinta za a fita.

Ta ninke takardar ta nufi ƙofar Alhaji Dabo, ta buga kamar mai bin bashi.

"Alhaji, shekara shida muna gaisawa. Da ka faɗa mini a fuskata mana."

"Wallahi Maman Debbie ba ni na kai ku ba," in ji shi. "Amma tsakani da Allah, waɗanda suka kai ba su yi ƙarya ba. Tsaya ki ji."

Ya ɗauko wayarsa ya kunna mata abin da ya ɗauka ta jikin bango. Pauline ta zaci haushi za ta ji. Abin da ta ji kuka ne, dogo, mai karyewa a ƙarshe, ya tsaya ya ja numfashi ya sake ɗauka, ga ƙarar farce a jikin ƙofa. Ta yi shekara talatin da wani abu tana jinya, ta san kukan fitina, ta san na ciwo, ta san na tsoro. Wannan na tsoro ne. Kuma ita ce take dawowa ta nuna masa silifa. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Awa nawa yake yi?"

"Daga fitarku har dawowarku. Yakan huta, amma ba da yawa ba."

Alhaji Dabo ne ya haɗa ta da Rumasa'u, 'yar wani amininsa, wadda ta karanta likitancin dabbobi a Zariya take kuma aiki a wani asibitin dabbobi ba nisa da su. Rumasa'u ta duba Gyaɗa tun daga haƙori har wutsiya ta ce lafiyarsa ƙalau. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Mama, ki ba ni labarin yadda kuke fita. Tun daga farko, kada ki tsallake komai."

Pauline ta ba ta, har da alfahari, har da kalma ashirin da uku.

"To ai ga ciwon nan," in ji Rumasa'u.

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Kwikwiyo da aka raba da uwarsa bai san cewa wanda ya fita yana dawowa ba, koya masa ake yi. Shi kuwa Gyaɗa abin da ya koya shi ne, in aka ɗauki makulli, aka saki birkin keke, aka tsaya bakin ƙofa ana yi masa doguwar magana mai taushi, to duniya ta zo ƙarshe. Kafin a rufe ƙofa hankalinsa ya riga ya tashi. In aka dawo aka yi shagali kuma, an tabbatar masa cewa lallai abin da ya wuce masifa ce. Maganin shi ne a mayar da fita ba komai ba. A fara da daƙiƙa goma, a ƙara kaɗan-kaɗan, kada a taɓa wuce abin da zai iya jurewa. Kafin ya koya kada a bar shi shi kaɗai na awanni. Kuma ba sallama, ba kallo. In an dawo, minti biyar babu mai kula shi sai ya natsu.

"In fita daga gidana kamar ɓarauniya?" in ji Pauline. "In shigo kamar mai gaba da mutanen gida? 'Yata, ke fa 'yar Zariya ce."

Rumasa'u ta yi dariya. "Mama, ni ma na sha wuya kafin na yarda. Amma kare ba ya jin Hausa, muryarki yake ji."

Pauline ba ta yi dariya ba. Ta faɗa mata zancen Martins, yadda sallamar nan ita ce magana mafi tsawo da yake iya yi a duniya. Rumasa'u ta shafa kunnen Gyaɗa.

"Ya yi masa magana duk yini in yana so," ta ce daga baya. "Amma ban da bakin ƙofa. Ki gafarce ni Mama, a cikin kwana talatin ba ni da wata hanyar da zan ba ki."

Da yamma Pauline ta ja kujera gaban mijinta ta karanta masa takardar ofis, sannan ta faɗa masa abin da likita ta ce. Martins ya saurara har ƙarshe. Ya daki hannun keken da tafin hagu.

"A'a."

"Baban Debbie, in ba mu yi ba za su ɗauke shi."

"A'a! Ba... ba tarbiyya."

Ta gane abin da yake nufi. Ciwo ya ƙwace masa aiki, ya ƙwace tuƙi, ya ƙwace sanarwar coci. Abin da ya rage masa na maigida shi ne ya tsaya a ƙofarsa ya ce ga mu za mu fita, a kula da gida. Shi ne kuma take so ta karɓe.

Ran Laraba da suka zo fita ya ɗaga hannu kamar kullum. "Gyaɗa... za mu..." Pauline ta runtse ido ta tura keken waje, maganar na bakinsa, ta ja ƙofa. A shekara talatin da uku na aurensu ba ta taɓa yi masa abin da ya kai wannan zafi ba, kuma ta sani. A cikin mota ya juya fuska ga taga. Daga ranar ya daina yi mata magana. Da Gyaɗa yana yi, ƙasa-ƙasa, in ta shigo falo ya yi shiru.

Saura wanda zai zauna da karen ranakun asibiti. Pauline ta koma wurin Alhaji Dabo, wannan karon da sallama da ladabi. Dattijon ya shafa gemu. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zama ɗaki ɗaya da kare ba.

"Barci ne dai ba na samu a can," ya ce. "In na kwanta a kujerarku ƙila na samu. Amma da sharaɗi. A sa shi cikin shingen nan nasa na waya, kada ya lashe ni. Sallata kuma a ɗakina zan yi."

Haka aka yi. In yana ganin mutum a ɗakin, ko da mai minshari ne, Gyaɗa ba ya kuka.

Sauran ranakun kuwa Pauline ta mayar da gidan makaranta. Ta ɗauki makulli ta kaɗa, ta koma ta zauna. Ta sa takalmi ta rataya jaka, ta shiga kicin ta wanke kwano. Ta saki birkin keken Martins, ƙaras, ta sake dannewa, sau ashirin kafin azahar, har Gyaɗa ya gaji da ɗaga kai. Ta soya gyaɗa ba gishiri ta markaɗa, ta cusa cikin wani ƙoƙon roba da Rumasa'u ta ba ta, ta daskarar a firji, ba ya samunsa sai lokacin fita. Kullum da sassafe ta zagaya da shi bayan benen sau uku har ya fara jan ƙafa. Sannan aka fara fitar gaske. Da yake fitar Martins ce ta fi tayar masa da hankali, dole da Martins za a yi. Ta tura keken waje, ta rufe ƙofa, ta ƙirga goma, ta buɗe, ta tura shi ciki, ba ta kalli kare ba. Ta sake. Ta sake. Wata rana sau arba'in. Martins na zaune kamar buhu, fuska a murtuke, ana shiga da shi ana fita. Wata Baturiya da ke ƙarshen layin ta leƙo ta tambaya ko sun kulle kansu a waje ne. Pauline ta ce a'a, karatu suke yi.

Daƙiƙa goma ta zama minti ɗaya, ɗaya ya zama biyar. A rana ta goma sha shida sun kai minti ashirin, suna zama a bencin ƙasa kusa da akwatunan wasiƙa, ita da mijin da ba ya ce mata uffan. Nan zalama ta kama ta. Ta ce tun da ashirin ta yiwu awa ma za ta yiwu, ta tura shi har shagon 'yan Afirka suka sayo doya da manja. Tun daga lifta suka jiyo kukan. Garaje ba ya kai mutum gida, ga shi ta gani da idonta. Rumasa'u ta ce a koma minti biyar. Pauline ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ɗauki makulli.

Debbie da ta zo ran Asabar ta ga yadda gidan ya koma, ta tare uwar a kicin. Ta ce babanta ya rame, ta ce wannan abin zalunci ne, a bar shi ya yi sallamarsa mana, in ya so a nemi wata dabara.

"Wace dabara? Kawo ta in gani," in ji Pauline. "In babu, to ki bar ni. Gara ya yi fushi da ni karensa na cinyarsa. Fushi yana wucewa. Shirun nan na wata bakwai ke ba ki zauna cikinsa ba, ni na zauna."

Ta faɗi haka da ƙarfi, amma zuciyarta ba ta kai bakinta ƙarfi ba. Tana tsoron kada a ƙarshe ta tashi ba tsuntsu ba tarko, kare ya tafi, miji kuma ya riƙe ta a rai har abada. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ci gaba da ƙirga mintinta.

Daga minti arba'in abin ya fara sauri, kamar yadda Rumasa'u ta ce zai yi. Awa ɗaya, awa biyu, ran Talatar ƙarshe har uku da rabi suna zaune a ɗakin karatu na unguwa. Kwana talatin suka cika. Constance ta ce ran Laraba ita da kanta za ta riƙa hawowa tana saurare. Alhaji Dabo ya koma ɗakinsa, da alkawarin zai kira Pauline da zarar ya ji ko tari ne.

Da safen Pauline ta ajiye ƙoƙon gyaɗar a kan shimfiɗarsa, ta saki birki, ta tura keken. Sun kusa ƙofa sai Gyaɗa ya bar abincinsa, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya biyo su ya ɗora ƙafa ɗaya a gwiwar Martins yana kallon fuskarsa. Pauline ta ga leɓen mijinta na rawa, ta ga kalmar tana tahowa. Ba ta tura keken ba. Ƙarfin yin haka karo na biyu ba ta da shi.

Martins ya ɗaga hannun hagu. Maimakon ya tsayar da ita, sai ya rufe bakinsa da tafin, ya kawar da ido, ya nuna mata ƙofa da haɓa. Gyaɗa ya sauke ƙafa, ya tsaya jim, ya koma ga ƙoƙonsa. A cikin lifta ne Martins ya sauke hannun, tafin ya jiƙe da hawaye.

Awa huɗun nan Pauline ba ta san abin da injin ya nuna ba. Wayar na tafinta, ba ta yi ƙara ba. Sai dai shirun bai kwantar mata da hankali ba, domin ta san halin mutuminta. Wanda ya yi wata biyu yana haƙuri, me zai hana ya ƙara yini ɗaya?

Da suka dawo ƙofar Alhaji ta fara bugawa. Sai a bugu na uku ya buɗe, ido a kumbure, shatin matashi a kumatu.

"Ƙarfe nawa? Inna lillahi! Biyu ta wuce? Maman Debbie, karenku ya sa na makara azahar. Ai shi na saba ya hana ni barci."

A jikin ƙofarsu kuma ga 'yar takarda daga Constance. Ta hawo sau uku ba ta ji komai ba, tana tambaya ko sun riga sun ba da karen ne, in kuwa yana nan to magana ta ƙare.

Pauline ta sa makulli. Ta shirya wa tsalle da birgima, ta shirya kawar da kai. Gyaɗa na kwance a shimfiɗarsa, ƙoƙon a gefe an lashe shi tas. Ya ɗaga kai ya dube su, ya buga wutsiya a ƙasa sau biyu, ya yi hamma, ya mayar da haɓa kan ƙafafunsa.

Ta kai keken tsakiyar falo ta danne birki. Farin ciki ya cika ta har wuya. Da ta zagayo gaban Martins sai ta ga fuskarsa ba haka take ba. Yana kallon karen da bai taso ya tarye shi ba.

"Ya... manta ni?"

Maganarsa ta farko ke nan gare ta cikin kusan wata guda. Ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannunsa mai lafiya.

"Bai manta ka ba, Baban Debbie. Tsoron ba za ka dawo ba ne ya daina."

Martins ya juya maganar a ransa. Can Gyaɗa ya miƙe, ya yi miƙa, ya tako a hankali ya jingina da keken, Martins ya sa yatsu cikin gashin wuyansa. Amma ba karen yake kallo ba, ita yake kallo. Ya haɗiye yawu, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Jibi... in kin kai ni... ki tafi gida. Ke ma... zan dawo."

Pauline ta buɗe baki za ta kawo zancen injin, da hawan jini, da ma'aikatan da ba su san shi kamar ita ba. Ta dube shi, ta rufe bakin.

"To," ta ce. "Na ji."